Mika'ilu Mai Takobi da Mika'ilu Mai Ruwan Sama

Ranar 29 ga watan Satumba ce Eklesiya Katolika take bikin manyan mala'iku uku, wato Mika'ilu da Jibra'ilu da Rafa'ilu. Da can ranar ta Mika'ilu ce shi kaɗai, sai a gyaran kalandar 1969 aka haɗa su uku a rana guda. A wannan ƙasa tamu ta Sakkwato bikin yakan faɗo daidai lokacin da damina ke ban kwana: an yanke gero, dawa ta fid da kai, wake yana fure. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta kai Tambuwal a waɗannan kwanaki, zai ga dammunan gero jingine a bakin gonaki, da jakuna da amalanke suna jigilarsu zuwa gida.

A kan wannan hanya ce, wata rana da ƙafar motarmu ta sace, muka tsaya wurin mai faci a Tambuwal. Wani dattijon malami yana zaune kan buzu a inuwar dalbejiya, ya ba mu wuri muka zauna. Bayan gaisuwa idonsa ya kai kan ɗan hoton da ke rataye a madubin motar, ya ce, "Fada, wannan mai fukafukai da takobi, wane ne?" Muka ce, "Allah gafarta Malam, Mala'ika Mika'ilu ne." Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah! Mu dai Mika'ilun da muka sani ruwa yake rabawa. Yaushe aka ba shi takobi?" Mun ba shi amsar da ta sawwaƙa a lokacin, amma tambayar ta biyo mu har gida, kuma abubuwan da suka faru a wannan yanki daga baya sun ƙara mata nauyi.

Bari mu fara da abin da maƙwabtanmu Musulmi suka gaskata, domin da yawa daga cikinmu mun shekara ashirin ko talatin a tsakaninsu ba mu taɓa tambaya ba. Imani da mala'iku shi ne na biyu cikin shika-shikan imani shida, bayan imani da Allah. An halicce su daga haske, ba su ci, ba su sha, ba su saɓa wa umarnin Ubangijinsu. Yaro a makarantar Islamiyya yakan haddace sunayen goma daga cikinsu, kuma huɗu ne ke kan gaba: Jibrilu mai kawo wahayi, Mika'ilu wanda aka wakilta kan ruwan sama da tsirrai da arziƙin bayi, Israfilu mai busa ƙaho, da mala'ikan mutuwa wanda aka fi sani da Azara'ilu. Sau ɗaya tak aka ambaci sunan Mika'ilu a Alƙur'ani, a aya ta 98 ta Suratul Baƙara, amma hadisai sun faɗaɗa bayaninsa. Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa idan Annabi Muhammadu ya tashi sallar dare, yakan buɗe ta da kiran Allah a matsayin Ubangijin Jibrilu da Mika'ilu da Israfilu. Ibnul Ƙayyim, malamin Dimashƙa da ya rasu a 1350, ya lura da abin da ya haɗa waɗannan ukun: kowannensu rayuwa aka damƙa masa. Na farko yana kawo abin da ke raya zukata, na biyu abin da ke raya ƙasa da dabbobi da mutane, na uku abin da zai raya matattu. A cikin Musnad na Imam Ahmad kuma akwai wata ruwaya da ke cewa Mika'ilu bai ƙara yin dariya ba tun ranar da aka halicci wuta. Ko ba mu ɗauki ruwayar a matsayin koyarwarmu ba, ta cancanci a yi tunani a kanta: mala'ikan da ke ciyar da mutane shi ne wanda hallakar mutane ta hana shi dariya.

Namu Mika'ilun kuwa mun san shi tun muna 'yan katekisim. A littafin Daniyel, sura ta 10 da ta 12, shi ne babban jarumin da ke tsaron jama'ar Allah. A Ru'ya ta Yohanna, sura ta 12, shi ne ya jagoranci rundunar sama aka jefo macijin nan ƙasa. A 1886 Paparoma Leo na 13 ya sa a riƙa karanta addu'ar neman tsarinsa bayan Misa, kuma har yau ana karanta ta a majami'u da yawa na ƙasar nan. Siffarsa da muke gani ita ce ta soja mai sulke, ƙafarsa a kan wuyan Shaiɗan. (Abin takaici, masu zanen Turai sukan yi mala'ikan fari, Shaiɗan kuma baƙi, mu kuma mu saya mu rataye ba tare da mun ce uffan ba. Wannan zance ne na wata rana.)

Akwai dalilin wannan bambanci, kuma bai kamata mu shafe shi don neman a ce mun yi zumunci ba. Mu mun gaskata Shaiɗan mala'ika ne da aka halitta nagari, ya yi tawaye da zaɓin kansa, saboda haka aka yi yaƙi a sama. Musulmi kuwa, bisa abin da ya zo a Suratul Kahfi, sun ce Iblis daga aljannu yake. Mala'ika ba ya tawaye, don haka babu wani ɗan'uwa mai tawaye da Mika'ilu zai kora. Har wa yau mu muna roƙon mala'iku su yi mana addu'a, muna kuma zana siffarsu, Musulmi ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun, kuma yana ganin haɗari a cikinsu. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta Nostra Aetate ta 28 ga Oktoba 1965, ta umarce mu mu dubi Musulmi da girmamawa, kuma wanda kake girmamawa ba ka ɓoye masa inda kuka saɓa. Marigayi Fada Joseph Kenny, ɗan ƙungiyar Dominikan da ya yi aiki a wannan dayosis, ya ɗauki shekaru yana karatun littattafan malaman Malikiyya har ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Turanci, bai kuwa daina zama firist ba ko na yini ɗaya.

To, ga inda maganar ta daina zama ta aji ta zama ta rai da mutuwa. A daren Kirsimati na 2025 mutanen Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, sun ji ƙara mai firgitarwa, sararin sama ya yi ja, wani abu ya faɗo a fili kusa da gari. Kafin gari ya waye Shugaban Amurka Donald Trump ya sanar cewa sojojinsa sun kai hari kan 'yan ta'adda a jihar Sakkwato, yana mai cewa Kirista suke kashewa. Gwamnatin Nijeriya ta ce da saninta aka yi, wuraren da aka nufa suna can dajin Tangaza, abin da ya faɗa Jabo kuma ɓaraguzai ne. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a Jabo ba. Amma a kwanakin da suka biyo baya mun ji, da kunnuwanmu, wasu 'yan'uwa masu bi suna cewa Allah ya aiko Mika'ilu da takobinsa, har wasu suna tura wa juna hotonsa ta waya tare da labarin harin. A gaskiya mu ma wani abu ya motsa a zuciyarmu, domin wanda ya daɗe yana kuka ba a ji ba, duk wanda ya waiwayo shi sai ya ga kamar mala'ika ne.

Ba za mu yi wa masu wannan magana hukunci da gaggawa ba, gama mun san daga inda ta fito. Ba mu manta da Deborah Samuel ba, wadda aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ranar 12 ga Mayu 2022, da ɓarnar da aka yi wa babbar majami'armu ta Iyali Mai Tsarki a tarzomar da ta biyo baya. Ba mu manta da firistocinmu biyu da aka sace a Gidan Mai Kambu cikin wannan watan ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: tsoro ya shiga gidajenmu, kuma mai tsoro takobi yake mafarki. Duk da haka tambayar tana nan. Ya halatta ga mai bi ya zaɓi manzon Allah da ya dace da ɓangarensa, ya ce wannan namu ne, an aiko shi a kan waɗancan?

Abin mamaki, ayar nan guda da ta ambaci Mika'ilu a Alƙur'ani a kan wannan tambaya take. Malaman tafsiri, irin su Ɗabari, sun kawo labarin cewa wasu mutane a Madina sun ce Jibrilu maƙiyinsu ne domin shi ke saukowa da yaƙi da tsanani, Mika'ilu kuwa masoyinsu ne domin shi ke saukowa da ruwa da yalwa. Da a ce shi ne ya kawo saƙon da sun karɓa. Amsar da aka ba su ita ce, wanda ya yi gaba da ɗayansu ya yi gaba da Allah da ya aiko su duka. Ba sai mun karɓi Alƙur'ani a matsayin littafinmu ba kafin mu ga cewa hankali ya yarda da wannan. Waliyyi Agustin ya koyar, Katekisim na 1992 kuma ya maimaita, cewa kalmar mala'ika sunan aiki ne, ma'anarta ɗan aike. Ɗan aike kuwa ba shi da jam'iyya tasa. Duk nauyinsa na wanda ya aiko shi ne. Waɗancan mutanen sun so mala'ikan ruwa sun ƙi na takobi, mu kuma a wannan zamani muna neman mu so na takobi mu manta da na ruwa. Kuskuren iri ɗaya ne, domin a duka biyun mutum yana so ya mai da sama sansanin ƙabilarsa. Sunan Mika'ilu da kansa, kamar yadda Paparoma Gregori Babba ya fassara shi daga Ibrananci, tambaya ce: wane ne kamar Allah? An fara jefa wa Shaiɗan ita, amma ba a janye ta ba daga kan sarakuna, da masu jiragen yaƙi, da mu kanmu a duk ranar da muka ɗauka mun san waɗanda ya kamata wuta ta ci.

Wani zai ce, Fada, wannan magana ce ta wanda ke kwana a birni. Ruwan sama ba ya korar ɗan bindiga. Ina amfanin damina mai albarka ga manomin ƙasar Kebbe da ba ya iya zuwa gonarsa, ko wanda sai ya biya haraji ga 'yan daji kafin ya girbe abin da ya shuka? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ba za mu kauce masa ba. Eklesiya ba ta taɓa koyar da cewa a bar marar ƙarfi a hannun azzalumi ba. Katekisim ya ce kāre rayukan jama'a wajibi ne mai nauyi a kan hukuma, ko da ya kai ga ɗaukar makami. Musulunci ma bai raba Mika'ilu da filin daga ba, domin Imam Muslim ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ga mutum biyu masu fararen tufafi suna yaƙi a dama da hagun Annabi ranar Uhudu, aka ce Jibrilu da Mika'ilu ne. Saboda haka takobi yana da wurinsa. Abin da muke ƙi shi ne a yi masa baftisma, a kira shi da sunan addini guda. Wanda ya duba gawarwakin da 'yan bindiga suka bari a jihar nan zai ga mafi yawansu Musulmi ne: mutum fiye da 40 da aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, matafiyan da aka ƙone cikin mota a gabashin jihar a Disamba na wannan shekarar, da talakawan ƙauyukan Kebbe da suka bar gidajensu da rumbunansu. Wutar sama kuma ba ta karanta katin baftisma. A ranar Kirsimati ta 2024, shekara guda cif kafin abin da ya faru a Jabo, harin jirgin sojan Nijeriya da aka nufi Lakurawa da shi ya yi sanadin mutuwar mutum wajen 10 a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame. Da abin da ya faɗa Jabo ya gusa kaɗan ya sauka kan gidaje, da yaran da za a binne su ne 'ya'yan mutanen da muke sayen hatsi a hannunsu, kuma da duniya ta ce an yi haka ne domin a kāre mu.

Idan muka koma Littafi Mai Tsarki da natsuwa, za mu tarar namu Mika'ilun ma ya fi hotonsa kamun kai. A wasiƙar Yahuda, aya ta 9, sa'ad da yake jayayya da Iblis a kan jikin Musa, bai yarda ya zage shi ba, ya bar wa Ubangiji tsautawar. Shugaban rundunar sama ke nan, a gaban uban maƙaryata, ya ƙi ɗaukar hukunci a hannunsa. A birnin Roma kuma akwai mutum-mutuminsa a kan ganuwar da ake kira Kastel Sant'Anjelo, don tunawa da labarin da aka gāda cewa a annobar shekara ta 590, lokacin da Gregori Babba ya fito da jama'a suna tuba, an ga mala'ikan yana mai da takobinsa kube. Wannan ne abin da mutanen Roma suka ga ya cancanci a ɗora a saman birninsu. Kiristan Masar kuwa, wato Kibɗawa, tun ƙarnuka masu yawa suna yin babban bikin Mika'ilu a watan Yuni, suna roƙo ta wurinsa kogin Nilu ya cika ya shayar da gonaki. Ashe dattijon nan na Tambuwal bai faɗi abin da baƙo ne ga Kiristanci ba. 'Yan'uwanmu na Afirka sun san Mika'ilu mai ruwa tun kafin bishara ta iso ƙasar Hausa.

Muna da namu shaida kuma, mai wannan suna. Michael Nnadi ɗan wannan dayosis ne, yana da shekara 18 sa'ad da aka sace shi tare da 'yan'uwansa uku daga makarantar horar da firistoci ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna, ranar 8 ga Janairu 2020. An saki ukun, shi aka kashe shi. Wanda aka kama daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa yaron bai bar su sun huta ba, kullum yana yi musu wa'azi su bar mugun aikinsu. Ba shi da takobi, ba shi da sulke, kuma ga alama tsoron hallakar waɗanda suka kama shi ya fi tsoron mutuwarsa ƙarfi a zuciyarsa. Duk lokacin da muka tuna ruwayar mala'ikan da ya daina dariya saboda wuta, wannan yaro ne ke faɗo mana a rai.

Yesu ya koya mana, a Matiyu sura ta 5, cewa Ubanmu yana sauko da ruwa a gonar mai adalci da ta marar adalci, kuma a kan wannan ya kafa umarnin ƙaunar maƙiyi. Manomin Dogon Daji ko na Kuchi bai buƙaci a fassara masa wannan ba. Hadarin da ya taso daga gabas ba ya tsayawa a kan iyakar gona ya tambayi addinin mai ita, gulbin Zamfara kuma idan ya yi ambaliya daga Gummi ya nufo ƙasar Kebbe, shinkafar kowa yake ci. Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, maƙwabtanmu sukan fita bayan gari sallar roƙon ruwa da hantsi, cikin tufafin yau da kullum, tsofaffi da yara, a yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba ya juya mayafinsa alamar roƙon Allah ya juya halin da ake ciki. Kafin fitar akan hori jama'a su tuba, su yi sadaka, su mayar wa kowa haƙƙinsa. A cikin Muhtasar na Halilu, littafin da malaman zaure na wannan ƙasa ke karantarwa tun kafin zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu mai Tambuwal, an ce ba a hana wanda ba Musulmi ba fita roƙon ruwa a ranar da Musulmi suka fita, sai dai ya tsaya gefe, kuma ba a ware masa wata rana tasa dabam. Akwai tazara a cikin wannan hukunci, mun gani. Amma akwai kuma amincewa cewa ƙishirwa ɗaya ce, wanda ake roƙo kuma ɗaya ne. Mu ma muna da Misa ta roƙon ruwa a cikin littafinmu, sai dai mun daɗe ba mu buɗe shafin ba.

Akwai wani hadisi a littafin Ibn Majah da ke danganta fari da yunwa da tauye mudu da hana zakka, har ya ce ba don dabbobi ba da ba a yi wa irin waɗannan mutane ruwa ba. Annabi Amos ya yi irin wannan faɗa da 'yan kasuwar Isra'ila masu rage mudu su ƙara kuɗi. Nan ne koyarwar Mika'ilu mai rabon arziƙi ta taɓa aljihunmu. Abin da sama ta auna ta saukar kyauta, mu ne muke sake auna shi a kasuwa. Wanda ya saye geron talaka da kaka a kan araha, ya kulle a sito sai watan Yuli da Agusta sa'ad da rumbuna suka ƙare, sa'an nan ya sayar wa mai shi ninki biyu, bai kamata ya rataye hoton Mika'ilu a shagonsa da kwanciyar rai ba, ko da yana zuwa Misa kowace safiya. Muna faɗin haka ne domin mun san a cikinmu akwai masu wannan ciniki, kamar yadda suke a cikin masu zuwa masallaci.

Saboda haka muna roƙon katekistoci da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, a bikin bana a karanta addu'ar Paparoma Leo kamar yadda aka saba, a kuma ƙara roƙo domin manoman Tambuwal da Kebbe da ba su samu shiga gonakinsu ba, a ambaci ƙauyukansu da suna. Hatsin da za a kawo na godiyar kaka, muna ba da shawara a ware wani kashi a kai wa waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ta hannun mai unguwa ko limamin wurin, domin su suka san wanda ya kwana bai ci ba. Wanda zai kai kayan ya tafi da mudu cikakke, ya kuma yi sallama kafin ya shiga zaure.